Gargaɗi ga wanda aka ɗage masa tafiyar farauta: kada ka tura cikon kuɗi zuwa sabon asusu

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk wanda ya biya kafin alƙalami na tafiyar farauta a Afirka ta Kudu, Namibiya, Zimbabuwe, Tanzaniya ko Mozambik, sai wani dalili ya sa aka ɗage tafiyar. Ko rashin lafiya ne, ko biza ce ta ƙi fitowa, ko jirgi aka soke, ko takardar fita da bindiga ce ta makara, duk ɗaya ne. Akwai 'yan damfarar da ba sa wahalar da kansu wajen neman sabon mai sha'awa. Irinka suke nema, wanda ya riga ya yarda da kamfaninsa, ya zuba rabin kuɗi, ya ƙagu ya ga ranar tashi.

Abin ya samu gindin zama ne tun lokacin korona. Afirka ta Kudu ta rufe iyakokinta a ƙarshen watan Maris na 2020, daidai lokacin da kakar farauta ke shirin kankama, ba ta sake buɗe wa baƙi ƙofa ba sai 1 ga Oktoba. Mutane na murna ke nan, a Nuwamba 2021 aka gano nau'in Omicron, ƙasashe da dama suka dakatar da jiragen kudancin Afirka. Mafarauta suka bar kuɗinsu a hannun kamfanoni shekara guda, wasu biyu, bisa alƙawarin za a sa musu sabuwar rana. A wannan tsakanin wasu kamfanoni sun rufe, wasu sun sayar da gonakinsu, wasu ƙwararrun maharba sun koma aiki da wani kamfanin. Tun daga nan jin cewa abubuwa sun canza bayan jinkiri ya daina ba kowa mamaki, kuma a kan wannan sabawar ce ɓarayin suke cin abinci har yau.

Sai an san yadda ake biyan kuɗin irin wannan tafiya kafin a gane inda suke shiga. Kuɗin kashi biyu ne. Akwai kuɗin kwanaki, wanda ya haɗa masauki, mota, ƙwararren maharbin da zai raka ka da masu bin sawu. Akwai kuma kuɗin dabba, wanda ake biya kan kowace dabbar da ka harba, har da wadda ka ji wa rauni ta tsere, muddin an ga jini. Kafin alƙalami daga kuɗin kwanaki ake ɗaukarsa, sau da yawa rabi, a cika sauran idan tafiya ta matso. Kuɗin dabba bisa al'ada sai an gama farauta ake lissafinsa, ko da yake a farautar manyan dabbobi wasu kamfanoni kan nemi a ajiye wani abu tun da wuri, kuma hakan yakan kasance rubuce a yarjejeniya. Wato akwai babban biya guda da kowa ya san yana nan tafe, ranarsa ce kawai jinkiri ya dagula.

Wata rana sai imel ya shigo. Sunan mai kamfanin ne a sama, tambarinsu ne, gaisuwar da ya saba yi maka ce, har da tambayar lafiyar iyali. A ƙasa kana ganin duk tsofaffin saƙonninku, tun daga ranar da ka fara tambayar farashin ɓauna. Ya ambaci kwanakin da kuka ɗage, ya ambaci adadin da ka biya babu kuskuren ko sisi. Sannan ya ce an samu sabuwar rana, amma sun canza banki, ko masu binciken kuɗi sun riƙe tsohon asusun, ko dokar canjin kuɗi ta ƙasarsu ta sa sun buɗe asusu a waje. Ga sabuwar lamba, a taimaka a tura kafin Juma'a don kada gurbin ya tafi ga wani.

Ba tsafi ba ne ya sa ya san duk wannan. Ɓarawon ya daɗe a cikin akwatin imel, na kamfanin ko naka, yana karatu bai taɓa komai ba. Yawancin waɗannan kamfanoni na iyali ne: miji yana daji da baƙi tun asuba, matar ko wani ɗan uwa ke duba saƙonni da dare, kalmar sirrin ma ta shekara da shekaru ce. Idan ɓarawon ya ga maganar kuɗi ta taso, sai ya yi rajistar adireshin da ya yi kama da na kamfanin, ya sauya harafi ɗaya, ko ya canza wutsiyar adireshin daga ta Afirka ta Kudu zuwa wata. Wani lokaci ma daga ainihin akwatin kamfanin yake rubutowa, ya saita shi yadda amsoshinka za su riƙa faɗawa wani lungu da mai akwatin ba ya dubawa. A irin wannan, duba adireshi ba zai cece ka ba, domin adireshin na gaskiya ne. Kai kana ganin kana magana da mai masaukinka, shi kuma yana can yana mamakin shirun da ka yi.

Ga wata alama da ba kowa ya san ta ba. Bankunan Afirka ta Kudu da na Namibiya ba sa amfani da lambar IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa mai farawa da haruffa biyu na ƙasar. Lambar asusu ce da lambar reshe da ta SWIFT, wadda ke nuna bankin wajen tura kuɗi tsakanin ƙasashe. Idan wanda ya ce gonarsa tana lardin Limpopo na Afirka ta Kudu ya aiko maka da IBAN, to asusun ba a ƙasarsa yake ba, kuma haruffa biyun farko za su gaya maka ƙasar da kuɗin za su sauka. Gaskiya ne akwai kamfanonin kirki masu asusu a Amurka ko Turai, ko masu karɓa ta hannun dillali. Amma wannan abu ne da ake faɗa tun ranar ƙulla yarjejeniya, ba ya ɓullowa kwatsam ana saura mako shida. Haka nan idan sunan mai asusun na wani mutum ne da ba ka taɓa ji ba, ko aka ce a tura ta Western Union ko da kuɗin kirifto, magana ta ƙare.

Maganin kuwa ba shi da tsada: ka ɗauki waya ka kira lambar da ke kan tsohuwar yarjejeniyarka, ba wadda ke ƙasan sabon imel ba. Ka ji muryar mutumin da ka sani, in da hali ka ga fuskarsa ta bidiyo, ya karanta maka lambar asusun da bakinsa. Idan an ce yana daji babu sabis, ka jira ya dawo. Babu kamfanin gaskiya da zai ƙwace gurbin wanda kuɗinsa ya shekara a hannunsu saboda ya ƙara kwana uku.

Wani salon kuma ba ya buƙatar satar imel. Sai wani ya tuntuɓe ka a Facebook ko WhatsApp, yawanci bayan ka yi ƙorafin jinkirin a bainar jama'a, ya ce shi wakili ne, wani baƙo ya fasa zuwa, an bar damisa ko ɓauna a rabin farashi, ko ya ce kamfaninsu ne ya gaji tsohon kamfaninka da duk baƙinsa. Ana samun gurbin da wani ya fasa da gaske, ba na musun wannan, kuma yakan zo da rangwame. Amma araha ba ta ado, musamman a harkar da gwamnati ke ƙidaya dabbobin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mai jira ya kamata ya riƙe shi ne, kason dabbobi na shekara ne, kuma na wuri ne. Hukuma ce ke ware wa kowane yanki adadin ɓauna, giwa ko damisar da za a iya harba a wannan shekarar: TAWA a Tanzaniya, hukumar gandun daji da namun daji a Zimbabuwe, ma'aikatar muhalli a Namibiya. Shekara ta wuce, kason ya wuce da ita. Duk wanda ya ce maka ya adana maka damisar bara, ka biya kuɗin ajiya, ƙarya yake yi. Abin da kamfanin gaskiya zai iya yi shi ne ya ba ka daga kason bana, idan ya samu. Damisa tana jerin farko, wato na dabbobin da suka fi fuskantar barazanar ƙarewa, a yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka sa wa hannu a 1973, kuma an ƙayyade wa kowace ƙasa iyakar fatun da za ta fitar a shekara: Tanzaniya 500, Zimbabuwe 500, Namibiya 250, Afirka ta Kudu 150. Wannan ma iyaka ce, ba alƙawari ba, domin Afirka ta Kudu ba ta ba da kason damisa ko ɗaya ba a 2016 da 2017.

Ranaku ma suna tona asirinsu, domin da yawansu ba su san daji ba. Kakar farauta a Tanzaniya daga 1 ga Yuli take zuwa 31 ga Disamba. A Namibiya daga Fabrairu zuwa ƙarshen Nuwamba ne, ba a farautar baƙi a Disamba da Janairu. Kenya ta haramta farautar manyan namun daji tun 1977, don haka wanda ya yi maka tayin ɓauna a can ko dai ɓarawo ne ko yana shirin kai ka kurkuku. Botsuwana ta hana a 2014 ta ɗage hanin a 2019, abin da ya sa tsohon bayani da sabo suke cakuɗe a intanet, masu damfara kuma suna jin daɗin wannan ruɗani.

Mutane kan ce, ai na ga tambarin PHASA ko NAPHA, ƙungiyoyin ƙwararrun maharba na Afirka ta Kudu da Namibiya, a shafinsu. Tambari hoto ne, yaro ma zai kwafe shi. Ka shiga shafin ƙungiyar da kanka, ka rubuta musu ka tambaya ko wannan suna mamba ne. Sannan ka sani shiga ƙungiyar ba dole ba ne, ba ita ke ba da lasisi ba. A Afirka ta Kudu hukumar kare namun daji ta kowane lardi ce ke ba da lasisin mai shirya farauta da na ƙwararren maharbi, kuma baƙo ba ya farauta sai ta hannunsu. Ka nemi lambar lasisin da sunan lardin. Wanda ke da shi ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, bayan duk zumuncin da ke tsakaninku, ka lura da shi da kyau.

Batun bindiga ma sun shige shi. Izinin shiga da bindiga na wucin gadi yana da wa'adi, jinkiri kan sa a sake nema, sai su aiko da takardar neman kuɗin sabuntawa da sunan 'yan sanda. A Afirka ta Kudu fom ɗin SAPS 520 ake cikewa, a haɗa da wasiƙar gayyata daga kamfani da shaidar mallakar bindiga, kuma ofishin 'yan sanda na filin jirgin OR Tambo da ke Johannesburg ba ya karɓar kuɗi kan izinin. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke karɓar lada su nemo maka shi kafin ka sauka, wannan halal ne, amma kai ke zaɓar su, ba 'yan sanda ke aiko maka da lambar asusu ba.

Wanda ya riga ya je ya dawo ma bai tsira ba. Fatu da ƙahoni sukan yi watanni a wurin masu jima da masu tsaftace su kafin a sa su a jirgi, wani jiran ke nan. Sai saƙo ya zo cewa akwatinka yana tsare a kwastan, a biya tara yau ko a ƙone shi. Ka koma wa kamfaninka da mai jimar ta lambar da ka sani. Ka kuma bincika dokar ƙasarka tun kafin ka sa sabuwar rana, domin tana iya canzawa kana cikin jira: Faransa da Ostireliya sun hana shigo da sassan zaki a 2015, Holan ta hana na dabbobi masu yawa a 2016. Dabbar da ke jerin farko na CITES kuwa sai ƙasarka ta ba da izinin shigowa kafin waccan ta ba da na fita, kuma babu dillalin da ke da hanyar bayan gida a wannan.

Ni a ganina kamfanonin ma suna da nasu laifin. Wanda ya riƙe kuɗin mutum shekara guda ya kamata ya rubuta masa sabuwar yarjejeniya mai ɗauke da sabuwar rana, adadin da ke hannu, ko farashi ya tashi ko bai tashi ba, da layi ɗaya da ke cewa ba za a taɓa sanar da canjin asusu ta imel ba. Da yawa ba sa yi, sai dai a ce kada ka damu, kuɗinka na nan. Idan naka bai yi ba, kai ka nema, ka ajiye kwafi a kan takarda, ba a cikin akwatin imel kaɗai ba.

Idan kuwa ka riga ka tura, kada kunya ta sa ka zauna. Ka kira bankinka nan take, ka ce damfara ce, su aika buƙatar dawo da kuɗin ta SWIFT, su kuma sanar da bankin da ya karɓa don ya riƙe asusun. Ɓarayin kan kwashe kuɗin cikin sa'o'i su rarraba su, don haka kwana ɗaya yana da nauyi. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi lambar ƙara, wanda ke Amurka ya shigar da ƙorafi a sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet. Ka sanar da kamfanin ta waya, domin idan akwatinsu aka shiga, sauran baƙinsu suna kan layi. Ka canza kalmar sirrinka, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka duba ko an saita wata ƙa'idar tura saƙo da ba kai ka sa ba.

Bayan 'yan makonni kana iya samun kira daga wani da zai ce shi lauya ne ko jami'in bincike, ya gano inda kuɗinka suke, ka biya kuɗin aiki a sako su. Zai faɗi adadin daidai, har da ranar da ka tura. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa sunanka. Kada ka ba shi ko kwafin fasfo. Ka miƙa lambarsa ga ɗan sandan da ke riƙe da ƙararka.