Ɗaure noti ko sauya sifirin?

Babur ɗin tseren ƙasa ana son bayansa ya nutse milimita 100 zuwa 105 idan mahayi ya hau da duk kayansa. In ya nutse fiye da haka, ko dai a ɗaure noti ko a sauya sifirin.

Ɗaure notin sifirin na shakazobar baya ba ya cin ko sisi, sai dai ɗaga babur kawai yake yi, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Bayan ka ɗaure har nutsewar ta dawo 100 zuwa 105 kana kai, auna nutsewar babur ba kowa a kai: milimita 30 zuwa 40 ake nema. In ta gaza haka, sifirin ya yi maka laushi, kuma kwazazzaban bakin Rima za su tona asirinsa.

Sabon sifirin akwai tsada, a Sakkwato ma galibi sai an yi oda. Amma ga mai jiki, shi zan zaɓa.