Sharhi kan na'urar Variac wajen tayar da tsohuwar amfilifaya mai bawul

Na'urar da nake sharhi a kanta taransifoma ce mai maɓallin murɗawa, ƙirar Sin, wadda ke karɓar wutar gida ta fitar da ita daga sifili har zuwa volt 250. Masu gyara suna kiran irinta Variac, sunan da kamfanin General Radio na Amurka ya fara sayar da ita da shi. Na saye ta ne domin wata amfilifaya, Dynaco ST-70, da ta shafe shekaru a ajiye, irin wadda aka fara fitarwa a 1959 da bawul huɗu na EL34, wato ƙwayayen gilashi masu ƙara ƙarfin sauti.

Amfanin Variac yana ga kapasitocin tace wuta na amfilifayar, wato sassan da ke tara wuta su daidaita ta. Idan suka daɗe babu aiki, siririn rufin da ke raba ɓangarorinsu na ciki yakan lalace, kuma in aka sakar musu volt sama da 400 a lokaci guda, suna iya fashewa ko su ja taransifomar amfilifayar ta ƙone. Ƙara wuta kaɗan-kaɗan, ana dakatawa a kowane mataki, yana ba rufin damar sake ginuwa. A nan na'urar ta gamsar da ni, domin maɓallinta yana tafiya sumul, wutar ba ta tsalle, kuma jikinta bai ɗauki zafi ba duk tsawon aikin.

Sai dai mitar da ke fuskarta ba abar dogaro ba ce, kuma wannan ba ƙaramin aibi ba ne. ST-70 ƙirar Amurka tana aiki da volt 117 ne, alhali maɓallin yana iya haura ninki biyu na hakan, don haka dole na ɗaura mita ta daban, na kuma sa alama a inda bai kamata hannu ya wuce ba. Haka nan bawul ɗin GZ34, wanda ke kai wa kapasitocin wuta, ba ya sakin wuta sai ya yi ɗumi, wanda ke nufin matakan farko ba sa kaiwa ga kapasitocin, kuma mai gaggawa zai ɗauka lafiya ƙalau suke tun ba a gwada su ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne na'urar ba ta takaita ƙarfin wutar da kayan da suka lalace za su ja, kuma ba ta raba mutum da layin gida. Na haɗa ta da ƙwan fitila mai zare na watt 100 a kan layi ɗaya, ta yadda haske mai ƙarfi da ya ƙi dusashewa zai nuna akwai matsala, sannan ban kunna ba sai da na jona lasifika, saboda rashinta yana iya lalata taransifomar sauti. Ina ba da shawarar sayenta ga wanda ya iya aiki da mita kuma ya san kapasita tana riƙe wuta mai kisa bayan an kashe. Wanda bai sani ba ya kai wa mai gyara.