Gargaɗi ga masu kiwon murjani: fitilar da na saya a intanet ta kusa ƙarar min da tanki

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ba kowa ne ke son faɗar cewa an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Amma shekaranjiya na sake ganin tallar mutumin da ya sayar min da fitilar ta fito, da sabon suna, da tsofaffin hotuna, kuma har wasu sun fara tambayar farashi a ƙasa. Shiru ya zama haɗa baki da shi.

Ga wanda bai sani ba, ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a falona a Kaduna, tsawonsa santimita 90, faɗi da zurfi 45, yana cin ruwa wajen lita 180. Sha'awar ta kama ni ne tun wata tafiya da na yi Jidda, inda na fara ganin murjani mai rai irin na Bahar Maliya. Kafin nan ni ma abin da na sani game da murjani shi ne jan dutsen da kakanninmu mata ke sawa a wuya. Ashe dabba ce. Tana da baki, tana buɗewa tana rufewa, tana girma, tana kuma mutuwa idan ka yi mata sakaci.

Sai na ɗan tsaya a nan, domin a wannan gaɓar ce damfarar take. Mafi yawan murjanin da muke kiwo yana ɗauke da wata ƙwayar gansakuka a cikin naman jikinsa, ido ba ya ganinta, masana na kiranta zooxanthellae. Ita ce ke karɓar haske ta haɗa abinci kamar yadda ganyen bishiya ke yi, sannan ta ciyar da murjanin da babban kaso na abin da ta haɗa. Wato fitilar da ke saman tankinka ita ce tukunyar gidan. Kifi zai rayu a ƙarƙashin kowace irin fitila, ko ta ɗakin girki ce. Murjani kuwa idan hasken bai kai ba yunwa yake ji, kuma yunwarsa ba ta nunawa yau ko gobe, sai bayan makonni. Ɗan damfara ya san haka. Kafin ka gane, ya cinye kuɗin ya canza layi.

Tsohuwar fitilata ta T5 ce, mai dogayen ƙwayaye huɗu. Tana aiki lafiya, illa dai ƙwayayen na son canji kusan duk shekara kuma samunsu a nan aiki ne, ga zafi, ga cin batir idan an ɗauke wuta muka koma kan sola. Na ƙudurta komawa LED. Na duba manyan sunaye irin su Radion, Kessil, AI da Red Sea, na ga kowace ɗaya ɗaruruwan daloli ce kafin kuɗin jirgi da kwastan, na ja da baya. Ana cikin haka tallar wani shago ta faɗo min a Instagram. Hotuna kamar a lasa: murjani kore shar, wani ruwan lemo, wani ruwan hoda, duk suna ƙyalli. An rubuta wat 165, cikakken haske, ta dace da kowane irin murjani, kwancen Turai ce amma kamar sabuwa. A jikinta ga tambarin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan.

Na yi masa magana. Mutum ne mai ladabi, wannan kam ba zan hana shi ba. "Ranka ya daɗe, guda biyu suka rage, wani Alhaji daga Abuja ma ya ce a ajiye masa ɗaya." Na ce ya aiko min da bidiyonta a kunne, ya aiko, shuɗin haske ya cika ɗaki. Na tambayi ƙarfin haskenta a zurfin santimita 45, ya ce, "Yallaɓai, lumen dubu ashirin ce, ai ko ido ba ka iya haɗawa da ita." Da na san abin da na sani yanzu, a wannan amsar zan tsaya. Na tura N185,000 zuwa wani asusu mai sunan mutum, ba sunan shagon ba, ya ce na ƙaninsa ne. Bayan kwana uku direba ya kira ni na je tasha na karɓi kwali.

Tun a tasha jikina ya ba ni. Kwalin ba nauyi. Fitilar LED mai ƙarfi dole ta yi nauyi, saboda bayanta faranti ne na alminiyam mai tsaga-tsaga da ke kwashe zafi, sau da yawa har da fanka. Wannan roba ce aka shafa wa fenti ruwan toka. Tambarin kamfanin kuwa sitika ce, da na sa farce gefenta ya ɗago. Manyan fitilun zamani da waya ake sarrafa su ta manhajar kamfaninsu, ka tsara fitowar rana da faɗuwarta. Tawa ta zo da ɗan rimot mai maɓallai kala-kala, irin na fitilar adon ɗakin amarya. Na kira shi, ya ce tsohon samfuri ne shi ya sa. Na yarda, domin mutum idan ya riga ya biya, shi da kansa yake taya ɓarawo neman hujja.

Da na rataye ta na kunna, gaskiya tankin ya yi kyau. Yara suka taru, uwargida ta ce yanzu ta ga inda kuɗin ya tafi. Abin da ban sani ba shi ne, wannan ƙyallin ba ya nuna komai game da ingancin fitila. Murjani da yawa na da wasu sinadarai a jikinsu da ke karɓar shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja ko ruwan lemo. Ko tocilan mai shuɗin ƙwai ka haska musu za su yi ƙyalli. Masu talla kuma sukan ɗora gilashi ruwan lemo a kan kyamarar waya don ya tace shuɗin, launuka su fito fiye da yadda ido ke gani. Su kansu masu kiwo na gaskiya suna yin haka don ɗaukar hoto, ba laifi ba ne. Amma hoto irin wannan ba ya shaidar fitila.

Mako na uku na fara lura. Ƙananan murjanin nan masu kama da furanni da ke jere a kan dutse, zoa, suka fara miƙa wuya sama, suka yi dogaye sirara kamar shukar da aka bari a ɗaki. Wani reshen Acropora, murjani mai ƙashi da rassa, da na saya da tsada daga Legas, mai shuɗin baki, ya koma ruwan ƙasa kamar busasshen kara. Na zargi ruwa. Na auna gishiri, 1.025, daidai. Zafi digiri 26, daidai. Na canza ruwa sau biyu, na ɓarnatar da gishirin da buhunsa ma ba arha ba. A mako na shida naman reshen ya fara saɓulewa daga gindi, farin ƙashi ya bayyana. Cikin kwana huɗu ya tafi.

Wanda ya warware min zaren ba mai kiwon kifi ba ne, abokina ne mai haɗa sola. Ya zo duba batir, ya ga ina tsaye ina kallon tanki kamar mai zaman makoki, ya ce, "Malam, wat nawa ka ce wannan abar take ci?" Na ce 165. Ya yi dariya, ya ɗora tafin hannunsa a bayanta ya ce ko ɗumi ba ta yi ba. Ya ciro ɗan ma'aunin da ake sawa a soket, ya jona fitilar a kai, muka ƙure ta. Wat 38. Ya kwance ta, muka ga siririn allo da ƙananan ƙwayaye irin na fitilar talla, wayoyin ciki har sun fara kore saboda tururin gishiri, ba ko roba da ta toshe gefen. Ya ce ko ba don murjani ba, abu mai lantarki a buɗe haka a saman ruwan gishiri, a gidan da yara ke sa hannu, haɗari ne.

A yi adalci, ko a cikin fitilu masu arha da ba na damfara ba, lambar 165 ɗin nan tana da labari. Akwai baƙaƙen akwatunan da ake ƙerawa a Chana masu ƙwai 55, kowane an ce zai iya ɗaukar wat 3, sai a ninka a rubuta 165, alhali abin da suke ja daga soket bai kai haka ba. Duk da wannan, mutane da dama sun yi kiwon murjani da su lafiya, domin suna da ƙarfe, suna da fanka, suna da hasken kirki. Ni ba arha nake yaƙa ba. Da irin wannan ya sayar min ya gaya min gaskiyarta, da ba ku ji ni ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki fitilar ado ya manna mata sunan da ba nata ba.

Sai maganar lumen da ya ruɗe ni da ita. Lumen ma'auni ne na yadda idon ɗan Adam ke jin haske, kuma idonmu ya fi kama kore mai sirkin rawaya, wajen nanomita 555 (nanomita shi ne awon da ke bambanta launukan haske). Gansakukar murjani kuwa ta fi amfana da shuɗi da shuɗi mai sirkin shunayya, tsakanin nanomita 400 da 500, domin a teku jan haske yana ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa. Saboda haka fitila na iya kashe maka ido ta bar murjani da yunwa, wata kuma ka gan ta dishi-dishi alhali tana ƙona shi. Ma'aunin da masu kiwo ke aiki da shi shi ne PAR, wanda ke ƙirga hasken da tsiro ke iya amfani da shi, daga nanomita 400 zuwa 700, a daidai wurin da murjanin yake zaune. A bisa al'ada, murjani mai laushi na wadatuwa da 50 zuwa 150, masu ƙananan baki da ƙashi irin Acropora kuma suna son 200 zuwa sama. Daga baya wani ɗan'uwa mai kiwo a Abuja ya ara min na'urar auna PAR. A kan dutsen da reshena ya mutu, ta nuna ƙasa da 40.

Shi ya sa duk mai sayar da fitilar murjani da ka tambaye shi PAR ya amsa maka da lumen, ko ya ce "dubu ashirin Kelbin ce" ya yi shiru, to ko dai bai san hajarsa ba ko ya san ta sosai. Kelbin launin haske kawai yake faɗa, fari ne ko ya karkata shuɗi, ba ya faɗar ƙarfi. Kamfanonin kirki suna fitar da taswirar PAR a zurfi daban-daban da zanen launukan da fitilar ke fitarwa. Nemi wannan. Nemi bidiyon fitilar a jone da ma'aunin wat, da sunanka rubuce a takarda a gefe don kada a turo maka na wani. Nemi hoton lambar da ke jikinta da hoton cajarta, ka duba ko an rubuta 100-240V, domin kayan da aka yi wa Amurka kaɗai na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Idan ta manyan kamfanoni ce, ya haɗa ta da manhajarta a gabanka. Idan da hali, ka sa wani naka a garin ya je ya ɗaga ta da hannu kafin ka tura ko kwabo. Duk wannan bai kai minti goma ba ga mai gaskiya. Mutumina da na nemi ya karɓi kayansa bayan na tura masa hoton ma'aunin, sai ya ce wutar Kaduna ce ba ta da ƙarfi. Na ce a kan inbata na gwada. Daga nan hotonsa ya ɓace daga WhatsApp ɗina.

Na kai ƙorafi bankina da duk hotunan hirarmu da rasit, na kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ina ba duk wanda abin ya shafa shawarar ya yi haka, kuma ya adana komai tun kafin a goge. Ban ambaci sunan shagon ba saboda sunan ba shi da amfani, wannan ne na uku da na san ya yi amfani da shi. Ku riƙe alamomin: hoton tanki mai dutse kamar baka da kifaye biyu ruwan lemo a tsakiya, kalmar "kwancen Turai", guda biyu da kullum suka rage, Alhajin Abuja da kullum yake jiran ɗaya, da asusun ƙani.

Wani abu kuma ga wanda ya riga ya faɗa irin ramin da na faɗa. Idan ka samo fitilar kirki, kada ka ƙure ta rana ɗaya don huce haushi. Murjanin da ya yi makonni a duhu ya saba da shi, haske mai ƙarfi farat ɗaya zai sa ya tofar da gansakukarsa ya yi fari fat, ka yi asara ta biyu. Fara da kusan rabin ƙarfi, ko ka ɗaga fitilar sama, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni uku zuwa huɗu, awa takwas zuwa goma a rana. Ni dai na koma kan tsohuwar T5 ɗina da na yi sa'a ban sayar ba, na sa ƙwai biyu tukuna, bayan mako biyu na ƙara sauran. Zoa ɗin sun janye wuyansu sun koma zama a kan dutse. Ƙashin Acropora yana nan a kan tebur kusa da tanki, autana na kiransa ƙahon barewa. Fitilar N185,000 kuwa abokina ya naɗe wayoyinta da salatif, tana rataye a akurkin kaji.