Ƙaramar fitilar LED a hoton taurari: abin da na gani bayan damina guda ina aiki da ita

Duk mai shagon da zai sayar maka da ƙaramar fitilar nan ta masu bidiyo, ƙarfin haskenta zai fara nuna maka. Zai murɗa ta har ƙarshe ya dalle maka ido. Mai ɗaukar hoton taurari kuwa, da yake abin da ke ƙasa a gaban kyamara kawai zai ɗan haska da ita, akasin haka yake nema, so yake ya san iya inda haskenta zai yi ƙasa kafin ta mutu. A kan wannan ma'aunin na gwada tawa.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba, batirinta a ciki yake, ana yi mata caji da wayar USB. Tana da maɓalli biyu: ɗaya na ƙarfin haske, ɗaya na launi, daga 3200 zuwa 5600 a ma'aunin Kelbin, wato daga ruwan ɗorawa zuwa fari tas. A gindinta akwai ramin noti irin na kyamara, don haka tana hawa kan kowace ƙafar kyamara.

Kudu da Sakkwato nake fita, wajen Boɗinga, gonar wani ɗan'uwanmu inda an san ni. Tsakiyar farin zirin taurarin nan mai kama da hayaƙi ta kudu take fitowa, kuma da yake muna kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, tana ɗagawa sama sosai, kusan digiri 48. In ka tsaya kudu da gari, hasken birni yana bayanka. Kwanakin ƙarshen watan Musulunci da na farkonsa nake zaɓa, lokacin da babu farin wata, musamman daren da aka yi ruwa da rana hadari ya washe. Sararin da ruwa ya wanke ba shi da na biyu.

Wani rumbun ƙasa na fara haskawa da ita, mai hular ciyawa, a gefen gona. Na sa kyamara a ISO 3200 (ma'aunin saurin kama haskenta), f/3.5 (faɗin ƙofar da haske ke shiga), gilashin gabanta a milimita 18, tana buɗe na daƙiƙa 15. Fiye da haka taurari sun fara jan wutsiya, domin sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa. A irin wannan saiti kyamara tana kwashe ɗan hasken da ido ma bai kula da shi ba. Nan aibin fitilar ya fito: a mafi ƙarancin haskenta ma ta yi yawa. Daga taku goma, rumbun ya fito fari fat, zanen yatsun magini a jikin yaɓen duk ya ɓace.

Magani biyu na samu. Na naɗe fuskarta da farin hankici ninki biyu, sannan na ja ta baya. In ka ninka nisa, hasken da ke isa ga abu yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka tafiya da ƙafa ta fi maɓallin aiki. Na kafa ta can gefe, ba bayan kyamara ba, na ɗaga ta ta fi tsayina. Sai ga inuwa ta kwanta a ɓarin rumbun, kowane tsage na yaɓen ya fito, har duwatsun da aka ɗora shi a kai ana gani ɗaya bayan ɗaya. In za ka saya, ka ce a rage maka ita har ƙasa, ka rufe ta da tafin hannu ka ga abin da ke tsiyayowa.

Maɓallin launin ne ya biya ni kuɗina. Nakan daidaita launin kyamara wajen 3800 don sama ta fito da duhunta na gaskiya. In fitila tana kan 5600, jan ƙasar nan tamu sai ta koma shuɗi-shuɗi, abin ba daɗin gani. Da na sauke ta zuwa 3200, yaɓen ya dawo da launinsa. Tocilan waya ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Babban amfaninta sai an zauna gaban kwamfuta ake ganinsa. Zafin garinmu yana ƙara wa hoton dare yashi-yashi, domin idon kyamara in ya ɗauki ɗumi ɗige-ɗigensa ƙaruwa suke. Shi ya sa ba hoto ɗaya nake ɗauka ba, jeri nake yi ba tare da na taɓa kyamara ba, in haɗa su a Sequator, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a Windows. Hoto 16 in aka haɗa, yashin yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kana shafa mata inda sama take da buroshi, ita ta jera taurari a kan juna, ta bar ƙasa a tsaye. To da a ce tocila kake kaɗawa da hannu, kowane hoto da irin haskensa, wani gefe ya ƙone wani ya yi duhu. Fitilar da aka kafa kuwa haskenta ɗaya daga hoton farko har na ƙarshe. Da na kai Lightroom, manhajar gyaran hoto, ɗan ɗaga inuwar ƙasa kawai na yi, sauran lokacin ya tafi a kan sama. Gawo ne ya ba ni aiki, shi da ke zubar da ganye da damina: tsiraran rassansa sun shiga cikin taurari, sai da na bi su da ƙaramin buroshi a hankali.

Akwai ƙananan abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗan allon da ke bayanta yana fitar da shuɗin haske da ke faɗawa kan ciyawa, dole na liƙe shi da baƙin salatif. Maɓallin kunnawa yana dannuwa a cikin jaka, ka isa gona ka tarar batir ya yi rabi. Ƙwarin damina kuma suna yi mata dandazo, wani lokaci su bar farin zare a hoto in tana kusa da gilashi. Batirin dai, a ƙaramin haske, yana kai ni har in tattara kaya.

Ga mai kyamara da gilashin milimita 18 zuwa 55 da ya zo da ita, ina ganin wannan fitila ta fi cancanta ya fara saya kafin ya shiga tara kuɗin gilashi mai tsada. Sai dai ya lura, haske a gona da dare yana tayar da hankalin mutane a halin tsaron da ake ciki. Ka gaya wa mai gona da mai unguwa tun da rana, kada ka fita kai kaɗai, kada kuma ka yi nisa da gari.

Zuwa ƙarshen Oktoba tsakiyar zirin tana faɗuwa jim kaɗan bayan isha'i, daga nan hazo ya shigo. Da sanyi, daren da ƙura ta lafa, taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta zan nema a saman wata kuka, kuma kuka ta fi ƙarfin fitila ɗaya, sai na ƙaro ta biyu.