Wace jita za ka saya idan sautin David Gilmour ne ya kama zuciyarka?

A ranar 20 ga Yuni, 2019, a ɗakin gwanjon Christie's da ke New York, aka sayar da wata baƙar jita a kan dala miliyan 3 da dubu 975. Ta David Gilmour ce, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, ɗaya daga cikin jigogin salon rok da ake kira furogiresif, wato mai dogayen kiɗe-kiɗe da ke ɗaukar minti goma ko ashirin ana tafiya sannu a hankali. A ranar ya yi gwanjon jitoci sama da 120, kuɗin suka haura dala miliyan 21, ya miƙa su ga ƙungiyar ClientEarth mai kare muhalli.

Kafin ka ce wannan harkar masu hannu da shuni ce, ji asalin jitar. A watan Mayu na 1970 aka sace wa ƙungiyar kayan kiɗa a New Orleans, Gilmour ya shiga kantin Manny's a New York ya sayi jita ƙirar Stratocaster ta kamfanin Fender irin wadda kowa zai iya shiga ya saya. Daga nan kuma bai bar ta ta huta ba. Ya canza mata wuya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya canza maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ya huda jikinta ya sa soket, daga baya aka toshe ramin. Ya gajarta ƙarfen da ake girgiza sauti da shi don ya riƙa kwanciya a tafin hannunsa yana kiɗa. Har aro ya ba da ita, ta yi wajen shekara goma rataye a bangon gidan cin abinci na Hard Rock Cafe, kafin ta dawo ya riƙe ta a bikin kiɗa na Live 8 a 2005. Jitar aiki ce, kuma da wannan idon nake so ka shiga kasuwa.

Shi kansa mutumin da jitar aro ya fara. An haife shi a Kambirij ranar 6 ga Maris, 1946, mahaifinsa malamin ilimin dabbobi ne a jami'a. Da littafin koyo da faifan mawaƙin Amurka Pete Seeger ya koya wa kansa. Ya yi kiɗa a ƙungiyar Jokers Wild, ya yi yawon neman na abinci da jita a Faransa da Sifaniya, aljihu ba nauyi. A ƙarshen 1967 aka gayyace shi Pink Floyd don ya rufa wa abokinsa na ƙuruciya Syd Barrett baya, wanda lafiyar ƙwaƙwalwarsa ke taɓarɓarewa, cikin 'yan watanni kuma ragamar jita ta koma hannunsa gaba ɗaya. Salonsa ba na gudu ba ne. Yakan danna tsirkiya ɗaya ya tura ta sama har sautin ya hau daidai inda yake so, ya riƙe shi yana girgizawa a hankali kamar mai jan baiti. Duk jitar da ba za ta bari ka yi wannan cikin sauƙi ba, komai kyan fentinta, bar wa mai kanti abinsa.

To mu zo ga zaɓi. Ƙirar Stratocaster ce gidan wannan sauti: maganaɗisu uku sirara, makunni mai matsayi biyar na zaɓen maganaɗisun da zai yi aiki, sauti garau mai kaifi. 'Yan Nijar ba baƙuwarsu ba ce, ita ce farar jitar da Mdou Moctar ke kaɗawa da hannun hagu. Matakin Stratocaster na ƙasa shi ne Squier, reshen Fender mai sauƙin kuɗi, kuma a nan akwai rarrabewa. Squier Affinity ta fi araha, jikinta ya ɗan fi siranta, maganaɗisunta na seramik ne, sautin na iya yin tsini a kunne idan ka ƙara murya. Squier Classic Vibe ta fi ta tsada amma tana da maganaɗisun alniko irin na tsofaffin Fender, sautinta ya fi zagaye da ɗumi, aikin wuyanta ya fi tsafta. Idan da hali, ni nan nake tura mai farawa da gaske, ko da zai ƙara wata biyu yana tara kuɗi.

Sama da ita akwai Fender Player da ake haɗawa a Ensenada ta Meziko. Ƙarafunta sun fi inganci, ta fi riƙe saiti, kuma ranar da ka so sayarwa sunan Fender da ke kanta zai yi maka ciniki. Sai na Amurka da ake yi a Corona ta Kalifoniya, da kuma wadda Fender ya fitar da sunan Gilmour a 2008, kwafin baƙar jitar. Kyawawa ne, ba musu. Amma tazarar da ke tsakanin ta Meziko da ta Amurka a kunne ba ta kai tazarar da ke tsakaninsu a aljihu ba, balle da canjin dala na yanzu.

Akwai wata da mutane ke wucewa saboda ba ta da sunan Fender, Yamaha Pacifica 112V. Aikin Yamaha tsaf yake fitowa daga masana'anta, kuma tana da maganaɗisu mai tagwayen naɗi kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jitar, wanda ke kashe ƙugin lantarki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kiɗa da wutar janareta, domin sirararan maganaɗisun Stratocaster suna kwaso duk wani zzz da ke cikin waya. A yawancin sababbin Stratocaster matsayi na 2 da na 4 na makunnin suna rage wannan ƙugi, sai dai sautin Gilmour mafi daɗi yana matsayi na 1 da na 5 ne.

Masu son jitar Les Paul za su ce ai shi ma ya kaɗa ta. Gaskiya ne, da Gibson Les Paul mai ruwan zinariya ta 1955 ya yi fitaccen kiɗan nan na kashi na biyu na waƙar Another Brick in the Wall a 1979. Tsayin tsirkiyarta inci 24.75 ne, na Stratocaster 25.5, don haka tura tsirkiya ya fi laushi a kanta. Amma tana da nauyi a kafaɗa, ba ta da ƙarfen girgizawa, kuma yawancin na Epiphone, reshen Gibson mai sauƙin kuɗi, da za ka samu sautinsu ya fi kauri da duhu. Ta zama ta biyu, kada ta zama ta farko.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, musamman idan ta hannu za ka saya. Na taɓa ɗaukar wata a wani kanti cikin tsakiyar hunturu, kyakkyawa kamar a lasa. Da na shafa yatsa a gefen wuyanta sai na ji bakin ƙarafun layi, wato waɗanda aka jera a wuyan ana danna tsirkiya a kansu, suna karce ni kamar zarto. Bushewar iska ce ta sa itacen ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Wannan ana gyarawa da goge baki. Abin da ya hana ni saye shi ne da na hau layi na 15 a siririyar tsirkiya na tura ta sama, sautin ya shaƙe ya mutu tun bai kai ba. Na sake, ya sake mutuwa. Kai ma yi wannan gwaji a layi na 12, 15 da 17. Ɗaga jitar ka hango wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai duba miƙewar sanda. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, ana saita shi da ƙarfen da ke cikin wuyan, amma idan ya murɗe gefe, ajiye ta. Juya kowane maɓallin murya ka saurari ƙarar ƙura. Tambayi lambar da ke kan jitar ka duba ta a intanet, domin jabun Fender sun yi yawa.

Kada kuma ka zuba duk kuɗinka a jita ka manta da amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa jitar murya. Gilmour ya yi suna da Hiwatt mai wat 100, da na'urar amsa-kuwwa ta Binson Echorec, da feda, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa, mai suna Big Muff, mai sa sauti ya yi tsawo ya yi kauri. Hiwatt ba ta ɗaki ba ce, maƙwabta ba za su yafe maka ba. Hanya biyu gare ka. Ko ka sayi ƙaramar amfilifaya mai kwamfuta a ciki irin Boss Katana 50 ko Fender Mustang, wadda ta haɗa amsa-kuwwa da sauran sautuka a akwati ɗaya, ko ka sayi amfilifaya mai tsaftataccen sauti ka riƙa ƙara feda ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta fi sauƙi da araha, ita nake ba mai farawa shawara. Idan ta biyu ka zaɓa, fara da fedar amsa-kuwwa kafin Big Muff, don ita ce ke ba sautin nan faɗin da kake ji kamar ana kiɗa a cikin kogo. Idan kuma daga Amurka za a kawo maka amfilifayar, duba bayanta tukuna: tasu wutar bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230, jonawa ɗaya ba taransifoma ya isa ya ƙone ta.

Tsirkiya kuwa, kamfanin GHS na yin saiti da sunan Gilmour mai kauri daga 10 zuwa 48. Idan yatsunka ba su yi kanta ba tukuna, fara da saitin 9, ka sayi fakiti biyu ko uku lokaci guda, domin siririyar ce ke fara tsinkewa a hannun mai koyon turawa, kuma ba kowane gari ake samun ta ba.