Zuwa Tibet: ta ƙasar Sin ko ta Nepal?

Ana yawan tambayata wace hanya ta fi ga mai son ganin Lhasa, babban birnin yankin Tibet da ke ƙasar Sin. Ko ta ina ka bi, bizar Sin kaɗai ba ta shigar da baƙo Tibet. Sai da takardar izini ta musamman, wadda kamfanin yawon buɗe ido mai rajista ke nemo maka, kuma dole ya haɗa ka da jagora.

Ta Sin, kana karɓar bizarka tun daga gida, ka tura wa kamfanin hoton fasfo da na bizar. Za a duba takardar izinin a tasha kafin ka hau jirgin ƙasa ko na sama, don haka kada ta yi nisa da aljihunka.

Ta Nepal kuwa, bizar rukuni, wato wadda ake bai wa matafiya a ƙungiyance, ake yi a ofishin jakadancin Sin da ke Kathmandu, babban birnin ƙasar. Za ka miƙa fasfo, ka zauna jira na 'yan kwanaki, kuɗin masauki na tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Lhasa na kan tudu mai tsayin kusan mita 3,650, Kathmandu kuwa kusan 1,400. Tashi kai tsaye da jirgin sama kan iya jawo ciwon kai da haki. Jirgin ƙasa daga birnin Xining na Sin, wanda ya fara kaiwa Lhasa a 2006, yana hawa sannu a hankali.

Mai son zagaya sauran biranen Sin, ta Sin ta fi dacewa da shi. Wanda dama yana Nepal, yana kuma da kwanakin jira, ya bi ta Kathmandu.