Ajin Asabar na farkon sararin samaniya a Agege, abinda na gani

Masu tambaya ko ajin nan ya cancanci kuɗinsa, nidai amsata eh ce, amma akwai abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku hau danfo daga Obalende ko Idi-Araba kuna murna. Wani matashi ne ɗan Arewa da ya karanta fiziks yake yi, ya kama hayar aji a wata makaranta nan cikin Agege, duk Asabar bayan azahar, kuma da Hausa zalla yake koyarwa, wanda shine ma abinda ya ja mutane. Kuɗin wata bai kai abinda wasunmu ke ƙonawa a data ba. Zaka ga yara masu shirin JAMB, zaka ga 'yan canji, harda wani dattijo da baya fashi, kullum yana benci na gaba da littafinsa.

Darasin wannan watan akan kumburin farko ne, wato ra'ayin da ke cewa bayan farawar sararin samaniya, wajen shekara biliyan 13.8 da suka wuce, an samu wani ɗan lokaci da sarari ya buɗe da wani irin sauri na fitar hankali. Malamin ya rubuta 1 a allo ya jera mata sifili 32, yace ku raba daƙiƙa ɗaya gida haka, toh cikin kusan gida ɗaya aka gama komai, kuma a ciki sararin ya ninka girmansa aƙalla sau 1 mai sifili 26. Ajin yayi tsit, sai wani daga baya yace malam wannan ai tatsuniya ce, waye yake wajen da agogo?

Anan na fara ganin mutumin ya san aikinsa, bai ji haushi ba, yace tambayarka ce darasin yau. Sai ya koma 1965 lokacin da Arno Penzias da Robert Wilson a Amurka suka sanar da wata ƙara da eriyarsu ke ɗauka ta kowace kusurwa, har sun zargi kashin tattabaru suka wanke eriyar amma ƙarar na nan, ashe ragowar hasken farko ne da ya samu hanyar fita shekara 380,000 bayan farawa, yanzu ya huce ya koma digiri 2.7 kacal a ma'aunin kelbin, wanda sifilinsa shine ƙarshen sanyi gaba ɗaya. Matsalar itace ka auna shi gabas ka auna yamma zafin ɗaya ne, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 100,000 ba, alhali ɓangarorin biyu sunyi nisan da ko haske bai isa ya taso daga ɗaya ya kai ɗaya ba a lokacin. Yace kamar mai koko a Agege da mai koko a Ajah ne, basu taɓa haɗuwa ba, basu da lambar juna, amma ka tsoma ma'auni kaga zafin kokon nasu ɗaya cif, dole kace daga tukunya ɗaya aka ɗebo. Abinda Alan Guth ya kawo kenan a takardarsa ta 1981, wuraren a haɗe suke tun farko, zafinsu ya daidaita, sannan kumburin ya watsa su nesa. Alexei Starobinsky na Rasha ya riga ya fitar da irin nasa a 1980, shi kuma tsarin Guth yana da matsalar yadda kumburin zai tsaya, sai Andrei Linde, da kuma Paul Steinhardt da Andreas Albrecht suka gyara a 1982.

Abinda yafi burgeni wallahi shine allon nasa kashi biyu yake raba shi da alli, hagu abinda aka auna, dama abinda ake hasashe, kuma baya yarda wani abu ya tsallaka. Taswirar hasken nan da tauraron ɗan adam na COBE ya fara nuna ɗigo-ɗigonta a 1992, da wadda Planck na Turai ya fitar a 2013, suna hagu. Cewa sararin a miƙe yake babu lanƙwasa da aka iya gani, hagu. Amma menene ainihin abinda ya tura kumburin, wannan a ɓangaren dama ya saka shi, yace har yau babu wanda ya kama shi a ɗakin gwaji. Ya bamu labarin BICEP2, na'urar da ke Antatika, yadda a watan Maris 2014 aka yi ta shagali wai an ga sawun kumburin kai tsaye, zuwa 2015 aka gane ƙura ce ta cikin tarin taurarinmu ta ruɗe su. Harma ya faɗa mana shi kansa Steinhardt ɗin daga baya ya koma cikin manyan masu sukar ra'ayin. Masu bidiyon TikTok basa faɗa maka wannan, su dai komai an tabbatar, an gano, masana sun girgiza.

Dattijon nan ya taɓa ɗaga hannu yace malam, to kafin nan fa? Malamin yace Baba, lissafinmu bai kai can ba, duk wanda yace maka fiziks ya amsa wannan ya ƙara gishiri. Aka tashi sallar la'asar babu wata hayaniya.

Toh yanzu ɓangaren ƙorafi. Ɗakin akwai zafi, fanka ɗaya ce kuma da an ɗauke wuta shikenan, janareton makarantar ƙarami ne, in an kunna majigi sai a kashe fankar, in kuma an kunna janareton ƙararsa bata barin na baya suji komai. Lokaci ma ba'a cika shi, ana jiran masu makara wai go-slow ɗin Oshodi ya riƙe su, mu da muka zo da wuri muna zaune muna fifita da littafi. Sannan inda ya zo bayanin yadda 'yar girgizar kwantam, wato ɗan motsin da ake samu a matakin abubuwa mafi ƙanƙanta, ta miƙe ta zama tushen da taurari suka taru akai, wanda a ganina nan ne zuciyar maganar, gudu yayi kawai saboda magariba ta kawo kai, rabin ajin sun fita basu gane ba kuma bai raba takardar da mutum zai duba a gida ba, sai hoton allo da kowa ke ɗauka da waya.

Wanda bai taɓa lissafin sakandare ba zai ɗan sha wuya a wasu wuraren amma zai bi labarin. Yaron firamare kam ku barshi a gida. Ku zo da ruwanku, ku nemi benci na gaba ta wajen taga, kuma ku roƙe shi ya maimaita ɓangaren kwantam ɗin kafin ya wuce zuwa baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske baya iya kuɓuta daga jansa, da yace shine darasi na gaba.